Tsakanin mai ƙarfi da mai kuɗi: muhawara a zauren ƴan Damagaram

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. In mutum ya waiwaya shekara ɗari, talakan ƙasar nan ya samu abubuwan da kakansa bai sani ba. An hana bauta, an soke aikin tilas, ga dokar ƙwadago, ga fansho, ga hutun haihuwa. Wasu na cewa zamani ne ya kawo su, ko an yi faɗa ko ba a yi ba za su zo. Wasu na cewa ko ɗaya ba a samu ba sai da aka ƙwata. Wanne ne gaskiya? Kuma in ƙwata aka yi, me ya sa mai gadin da ke kwana ƙofar kanti a Sabon Gari har yau dokar ba ta iso gare shi ba?

Tsohon Sandika:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bi kwanakin wata, su za su ba ka amsa. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka ranar 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Kafin nan kwamanda zai aika wa sarki cewa yana son mutum kaza, sarki ya raba wa masu gari, a kwashi majiya ƙarfi su tafi fasa dutse da shimfiɗa hanya, gonarsu kuwa ko oho. Wannan da haraji su suka sa mutanen kudu da yawa tsallakawa Najeriya. Kuma ba tausayi ya sa aka soke shi ba. An fito daga yaƙin duniya, sojojin Afirka sun dawo gida idonsu a buɗe, an samu wakilanmu a majalisar Faris, ƙungiyoyin ma'aikata sun samu izinin kafuwa tun 1944.

Dokar ƙwadago kuwa shekaru ta yi kwance a majalisa, manyan kamfanonin Faransa na danne ta. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka tsayar da aiki cak a duk yankin, ranar 15 ga Disamba 1952 aka sa wa dokar hannu. Mako shida tsakani.

Ga inda nake son ka lura da kyau. Dokar ta rage aikin mako daga awa 48 zuwa 40. Masu kamfanoni suka ce to, mun ji, amma kuɗin awa yana nan yadda yake. Wanda ake biya da awa ya wayi gari ya rasa kashi ɗaya cikin shida na abin da yake kai wa gida. Sai da aka sake fita yaji a 1953, na ƙasar Gine ya haura wata biyu, kafin a ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin awa. Ashe bayan an ci nasarar rubuta doka, akwai wani faɗan na biyu na sa ta aiki, kuma shi ne ya fi tsawo.

Alhajin Dole:
Baba, Allah ya ƙara girma, tarihinka daidai ne amma rabi ka kawo. Albashi daga riba yake fita, riba kuma daga ciniki. Yaushe ma'aikacin gwamnatin Nijar ya fi jin daɗi? Ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyum ke shigowa. Kunce ne ke mulki, sandika ba ta da bakin magana, babbar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ma a 1978 ta samu wannan suna tana ƙarƙashin inuwar gwamnati. Duk da haka an ƙara albashi, an sauke wa talaka harajin kai, an gina makarantu. Yaushe aka fi yajin aiki? Shekarun 1990. A nan ne ma'aikaci ya yi watanni bai ga albashi ba, yara suka yi asarar shekarun karatu sukutum. Ko shekara guda kuka rufe gari, baitulmalin da babu kuɗi ba zai haifi kuɗi ba.

Tsohon Sandika:
Alhaji, ban musa ba, sai akwai tuwo ake rabo. Amma ka tambayi wa ya biya da kuɗin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980. Gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, aka tsuke ɗaukar aiki, aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sayar da wasu. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990, kuma ba masu shara ne suka ci bashinsa suka ƙi biya ba. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: mai kaya a magaza ya kwana ya tashi kayansa sun ƙara kuɗi, mai albashi ya tashi kuɗinsa sun rage saye. Yajin da USTN ta yi a wannan shekarar, kusan wata biyu, ba shi ya kwashe baitulmali ba, an riga an kwashe. Lokacin samu kowa na iya samun ɗan rabo. Lokacin rashi ne ake sanin wanda ke da ƙungiya da wanda ba shi da ita, domin a kan marar ƙungiya ake sauke asara.

Kada kuma a manta, taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan André Salifou ya shugabanta, ma'aikata da ɗalibai ne suka tilasta shi, bayan an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Ƴancin da ɗan kasuwa ke da shi na zagin gwamnati a gidan rediyo, daga can ya samo asali.

Ɗalibin Tarihi:
Akwai misalin da ya ba kowannenku gaskiya. A Jamus, Bismarck ya haramta ayyukan ƴan gurguzu a 1878, sannan shi da kansa ya kafa inshorar rashin lafiya a 1883, ta haɗarin wurin aiki a 1884, ta tsufa a 1889. Arzikin masana'antu ya ba shi abin biya, tsoron ma'aikata ya ba shi dalilin biya. A Ingila kuma an yi dokokin hana wahalar da yara a masaƙu tun 1802, ba su tsinana komai ba sai da dokar 1833 ta naɗa masu bincike, su huɗu kacal a duk ƙasar.

Mai Kundin Doka:
Ƙanena, maganar masu binciken nan ita ce amsar tambayarka kan mai gadi. Bari in sauko da ita ƙasa, don masu karatu a nan da yawa na da ɗan'uwa a irin wannan hali.

Dokar ƙwadagon da ke aiki ita ce mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Awa 40 a mako, abin da ya haura a biya shi da ƙari. Hutun shekara kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki. Hutun haihuwa mako 14. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, daga baya aka amince a kai shi 42,000. Duk wannan ya shafi mai gadi, da yaron kanti, da mai toya burodi, ko da baki kawai aka ɗauke su. Yarjejeniyar baka yarjejeniya ce a idon doka. Ta wa'adi ce ma dole a rubuta, in ba a rubuta ba sai a ɗauke ta a matsayin marar wa'adi, wanda ya fi wa ma'aikaci amfani.

To ina ake faɗuwa? Wuri huɗu ne galibi.

Na farko shaida. Mutum ya yi shekara bakwai a wuri, ana miƙa masa kuɗi hannu da hannu, ranar da aka kore shi mai gida ya ce ai taimaka masa nake yi. Duk abin da zai nuna ka yi aiki a wurin ka adana shi: takardar albashi in ana bayarwa, saƙon waya da aka turo maka kuɗi ko aka ce ka zo da sassafe, rigar aiki, hoton rajistar shiga da fita, da mutum biyu da ba ƙarƙashin mai gidan suke ci ba.

Na biyu korar baka. A ce maka je ka gida sai mun neme ka. Ka zauna mako biyu kana jiran kira, su rubuta cewa kai ka yi watsi da aiki, kuɗin gargaɗi da na sallama su tafi. In aka faɗa maka haka, washegari ka koma, ka kai takarda kana neman a rubuta maka dalili, a buga maka hatimi kan kwafinka. In sun ƙi karɓa, ka wuce ofishin sufeton ƙwadago a ranar.

Na uku sa hannu. Takardar da mai gida ya ba ka a ofishinsa mai cewa ka karɓi duk haƙƙinka ba ta rufe maka ƙofa ba. Amma takardar sulhun da aka sa wa hannu gaban sufeto ta rufe, a kan duk abin da aka rubuta an daidaita. Mutane na shiga can a gajiye, ga yunwa a gida, a ba su rabin haƙƙinsu su sa hannu. Ka yi lissafinka tun kafin ka shiga: albashin da ya rage, hutun da ba ka ci ba, kuɗin gargaɗi, kuɗin sallama gwargwadon shekaru, da takardar shaidar aiki. In sulhu ya gagara, sufeto ya rubuta hakan, a wuce kotun ƙwadago, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne.

Na huɗu jinkiri. Bashin albashi yana mutuwa bayan shekara biyu. Kawaici da jiran a sa baki sun cinye haƙƙin mutane da yawa.

Hajiya Mai Lissafi:
In ƙara na biyar, yaya, wato CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Ana cire wa ma'aikaci kashi 5.25 cikin ɗari, mai gida ya ɗora kashi 16.4. A albashin jika 60, wato sefa 60,000, na ma'aikaci 3,150 ne, na mai gida 9,840. Abu biyu ake yi. Ko dai a cire naka a takarda amma ba a kai ba, ko a rubuta ka a kan mafi ƙarancin albashi sauran a kira shi alheri. Ba za ka gane ba sai ka cika shekara 60 ka je neman fansho a ce watanninka ba su kai 180 ba, kamfanin kuwa ya daɗe da rufewa. Maganinsa ka san lambarka, duk shekara ka je ofishinsu ka nemi a fitar maka da jerin watannin da aka zuba. Haɗari a wurin aiki kuma cikin awa 48 ake kai rahotonsa. In mai gida ya ce bari kawai ya biya maka kuɗin magani, yau ya sauƙaƙa maka, amma in hannun ya nakasa babu diyyar wata-wata.

Alhajin Dole:
Hajiya, kin ga lissafin da bakinki. Yaro ɗaya na jika 60 ya zama kusan jika 70, ga fatanti, ga haya, ga wuta. Mai kantin da ribarsa ba ta wuce jika 150 a wata ba, in aka ce dole sai ya bi wannan, yaran zai sallama ya kawo ɗan ƙanensa. Doka an ɗinka ta ne da awon manyan kamfanoni. Kuma ku riƙa faɗin abin da mai gida ke yi wanda babu a kundi: abincin rana, kuɗin magani, ɗinkin salla, aure, wani ma a ƙarshe a ba shi jari.

Hajiya Mai Lissafi:
Ana yi, Alhaji, Allah ya saka wa masu yi. Illarsa ɗaya: ranar da aka ɓata, ko mai gida ya rasu magada suka raba kanti, yaron da ya yi shekara goma sha biyar ba shi da abin riƙewa. Alheri na hannun mai bayarwa ne. Kuma ƙaramin mai kanti ba shi ne babban mai kauce wa dokar ba.

Malama Mai Alli:
Gwamnati ce da kanta. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya suka zama ƴan kwantaragi, yau su ne suka fi yawa a azuzuwan firamare. Aji ɗaya, alli ɗaya, yara saba'in ko fiye, amma abin da ake ba ɗan kwantaragi bai kama ƙafar albashin mai lambar aiki ba, kuma malamin ƙauye sai ya rufe aji ya yi tafiya kafin ya karɓo shi.

Amma akwai maganar da ƴan sandika ba su son ji. Yajin malaman gwamnati ba ya taɓa mai kuɗi ko kaɗan, domin ƴaƴansa na makarantar kuɗi. Kwana uku wannan mako, kwana biyu mako mai zuwa, a yanke wa malami kuɗin kwanakin, ɗan talaka ya rasa karatu, wanda ake son ya ji zafi bai ma san ana yi ba. Yaji yana cizo ne inda kuɗi ke gudana: kwastan, sufuri, matatar mai, ma'adinai. Ga manyan ƙungiyoyin ƙwadagon sun haura goma tun bayan da CNT ta fito a 1996, CDTN ta ɓalle daga USTN a 2001. Wannan ta kira yaji, waccan ta sa hannu kan yarjejeniya a daren.

Tsohon Sandika:
Ƴata, ban da ja. Shi ya sa 2005 ta bambanta. Gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wuta. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya haɗa ma'aikata, ƙungiyoyin farar hula, mata, da ƴan kasuwa irin su Alhaji. Aka yi gangami a Yamai ranar 15 ga Maris, aka rufe garuruwa har da Damagaram, aka kama jagororin ƙawancen su Nouhou Arzika, cikin Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Buƙata ɗaya ce, kowa ya gane ta, kuma ta taɓa tukunyar kowa.

Mai Kundin Doka:
Hanyar da manyan kamfanoni ke bi yanzu ita ce ƴan kwangila. Kamfani ya riƙe ƴan tsirarun ma'aikata da cikakken haƙƙi, gadi da shara da tuƙi da dako ya ba wani ƙaramin kamfani. Da aka rufe mahaƙar uraniyum ta COMINAK a Arlit ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatanta kimanin 600 sun samu kuɗin sallama, ɗaruruwan da ke ƙarƙashin ƴan kwangila ba su samu irinsa ba, alhali rami ɗaya suka shiga. A nan kusa da mu ga matatar mai ta SORAZ kan hanyar Tanut, tun Nuwamba 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, Nijar 40. Bambancin albashi tsakanin ƴan ƙasa da baƙi an daɗe ana kuka da shi, yana ma cikin dalilan da aka bayar da aka kori shugabannin kamfanonin mai uku ƴan Sin a Maris 2025. Duk mai shiga irin wannan aiki ya duba sunan da ke saman takardar albashinsa, shi ne wanda zai iya kai ƙara. Kuma duk wurin da ma'aikata suka haura goma suna da damar zaɓen wakili, wanda ba a korarsa sai da izinin sufeto.

Na Matamaye:
Ina ta karatu tun ɗazu, ina jiran wanda zai ambaci manomi. Sama da kashi 80 cikin ɗari na ƴan Nijar a karkara suke, ba su da albashi balle a cire masu kashi 5.25. Tsakaninsu da mai kuɗi, a bakin rumbu ake yin ta.

Mu ɗauki misali, kuɗin na kwatance ne, kowace shekara da nata. A watan Yuli hatsi ya ƙare, ga noma, ga yaro da zazzaɓi. Manomi ya karɓi jika 12 a hannun mai awo, da alkawarin buhu guda, wato tiya 40, in kaka ta yi. A Oktoba buhun na jika 20. Jika 8 ke nan a kan 12 cikin wata uku. Mai awo ya ajiye shi, a Yuni ya sayar jika 30, wataƙila ga manomin da ya noma shi. Wannan shi ne a-ci-ba-daɗi. Shekara ta biyu bashin ya taru, a jinginar da gona. Jingina ba ta da wa'adi, mai kuɗi na nomawa har sai an maido masa da kuɗinsa, wanda ya jinginar kuma ya koma barema a gonar ubansa. In ya mutu babu takarda, ƴaƴan mai kuɗi su ce saye ne. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye har matakin gari, suna ba da takardar jingina daban da ta saye. Kada a miƙa gona sai da ita.

A Kance da Matamaye, inda gona ta tsuke mutane suka yi yawa, ƙarshen wannan hanya ita ce Aljeriya. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoba 2013, galibinsu mata da yara ne daga wannan yanki.

Abin da ya yi aiki a wurare da dama tun wajen 1999 shi ne jinginar da hatsi maimakon gona. Ƙungiyar manoma ta tara buhuna a magaza da kaka, a sa kwado biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun bashi. Asusun ya ba da kashi 70 zuwa 80 na darajar kayan a farashin kaka. A buhu goma na jika 20, bashin jika 160 ne. A ce ruwa kashi 2 a wata, wata shida 19,200, kuɗin ajiya jika 6. In buhu ya kai jika 28 a Mayu, an sayar 280, an biya 185,200, saura 94,800. Da ya sayar da kaka jika 200 zai samu duka-duka, yanzu ya samu 254,800. Amma sai buhu ya haura 22,520 kafin a ce an ci riba.

Inda yake lalacewa: asusu ya makara bai saki kuɗi ba sai Janairu, bayan mutane sun riga sun sayar. A karɓi hatsin da bai bushe ba, ko wake cikin buhun banza, ƙwari su mayar da shi gari. Wake sai buhu mai riɓi uku irin na PICS, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Sai kuma a ci bashin a yi biki da shi maimakon kiwon rago ko noman rani, lokacin biya ya zo babu abin biya sai hatsin.

Malam na Birni:
Ɗan'uwa, lissafinka ya fita, amma kashi 2 a wata riba ce, ƙanƙantarta ba ta halatta ta ba. Wanda ya biya kuɗi yanzu don a ba shi hatsi da kaka kuwa, asalin cinikin halal ne, salam ke nan, muddin an biya kuɗin a farko kuma an san awo da iri da lokaci. Laifin yana wurin matse mabuƙaci a farashi, da ɓoye abinci a lokacin tsanani don ya yi tsada. Kuma akwai mafita: asusu ya sayi ragon ko takin da kansa, ya sayar wa manomi da ribar da aka sani zuwa wa'adi, hatsin ya zama jingina.

Sannan ku ƴan boko kuna mantawa da cewa talaka na da haƙƙi tsayayye a dukiyar mawadaci tun kafin 1952. Hatsin da ya kai sa'i 300, ushiri ne in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in da wahala aka yi ban ruwa. Kuɗi da kayan ciniki ɗaya cikin arba'in. A mazhabarmu mai juya kaya kullum yana ƙimanta hajarsa duk shekara ya fitar, mai ajiya yana jiran kasuwa kuwa sai ya sayar sannan ya fitar ta shekara ɗaya. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Malama Mai Alli:
Allah ya gafarta Malam, ciwon zakka da na dokar ƙwadago ɗaya ne: babu mai bin sawu. Ana tara mutane a ƙofar gida a raba masu jika ɗaiɗai, wa ya ƙidaya abin da ke magaza?

Malam na Birni:
Wannan gaskiya ce. A asali hukuma ke aika masu karɓa, ba a bar wa mai dukiya shi kaɗai ba.

Alhajin Dole:
Na Matamaye, ka nuna shekarar da farashi ya hau. Nuna wadda ya faɗi. Ka sayi buhu jika 20, ka biya dako da gadi da magani, sai OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, ta fito da nata mai rahusa, wanda ya daɗe a jika 13, ko gwamnati ta hana fitar da hatsi waje kamar yadda ta yi a Oktoba 2024, ko naira ta faɗi masu saye daga Kano su daina zuwa. Wa ke raba asarar da mai awo? Kuma a watan Yuli da tsakar dare, in matar manomi na naƙuda, wane banki ne ke buɗe?

Na Matamaye:
Babu, Alhaji, shi ya sa ba na cewa a kore shi. Ina cewa a sama wa manomi ƙofa ta biyu, in ya so mai awo ya rage farashinsa da kansa. Kuma haɗarin faɗuwar farashi ya shafi ƙungiya ita ma, don haka ba a ajiye iri ɗaya. A haɗa hatsi da wake da gyaɗa, kada bashi ya wuce kashi 70 a shekarar da kaka ta zo da tsada, kuma kada a jira ƙololuwa: a fara sayarwa kashi-kashi tun Afrilu.

Ɗalibin Tarihi:
To ƴan kabu-kabu fa? Mai kuɗi ya sayi babur, yaro na kawo masa kuɗi kullum. Ma'aikaci ne ko ɗan haya?

Mai Kundin Doka:
Abin da alƙali ke dubawa shi ne wa ke ba da umarni. In mai babur ne ke tsara lokacin fita da dawowa yana biyan yaron, aiki ne. In yaron ke juya kansa yana kawo adadi tsayayye, ya fi kusa da haya, ko saye da biya sannu a hankali. Rigimar da aka fi yi ita ce ta ƙarshen wa'adi: an yi da baki cewa bayan wata goma babur ya zama nasa, a wata na takwas ya yi jinya mako guda, a karɓe babur, duk abin da ya zuba ya tafi. A rubuta jimillar kuɗin, da kwanakin da aka yafe na ciwo da na gyara, da wanda ke biyan inshora, da abin da za a mayar masa in aka rabu kafin wa'adi. Littafi biyu, kowa da nasa, a sa hannu duk mako.

Hajiya Mai Lissafi:
Masu tambaya ta bayan fage kan yadda ake kafa ƙungiyar: a ƙarƙashin dokar 2010 ta OHADA, wato tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, mutum biyar sun isa kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, babbar mai majalisar gudanarwa sai goma sha biyar. Ana buƙatar takardar taron kafawa, dokokin ƙungiya, jerin mambobi da hannun jarin kowa, sannan rajista, domin asusun bashi ba ya hulɗa da ƙungiyar da ba ta da lamba. Mai riƙe kuɗi daban, mai makullin magaza daban, mai rubutu daban, kuma kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya. Kwamitin sa ido ya ƙidaya buhuna duk wata a gaban mambobi, a soka ƴan buhuna daga tsakiyar jeri da ƙasa, don waɗanda ake cika wa ƙaiƙayi ko yashi ba a sama ake ajiye su ba. Mai son samfurin dokokin ya yi magana, akwai na Faransanci, ana kan mayar da shi Hausa.